Tankar da Pan Ludomir Ya Ƙi Sa wa Bindiga

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Fabrairu, da hantsi, Allah ya yi wa maƙwabcinmu Pan (wato Malam) Ludomir Skiba rasuwa yana da shekara saba'in da huɗu. Matarsa, Pani (wato Malama) Regina, ita ta ƙwanƙwasa mini ƙofa. Tabaraunsa da na gani a hannunta shi ya gaya mini.

Pan Ludomir, shekara ashirin da shida ƙofarka na kallon tawa, kuma rabin shekarun nan wajen yi maka tsiya na ƙarar da su. Tsohon malamin lissafi, kai duk furfura, ka zauna kana harhaɗa 'yan tankokin yaƙi na roba da ba su wuce tafin hannu ba, warin gam da fenti ya cika mana matakala. Na sha ce maka, "Maƙwabci, yaushe za a yaye ka ne?" Kai kuma ka ce, "Ranar da kika daina zuba gishiri a miyar kabeji kamar mai jin haushin tukunya, Pani Bogna." Ban taɓa ba ka haƙuri ba, kuma abin yana ci mini rai.

Mahaifiyata Otylia tana da shekara ɗaya yaƙi ya ɓarke a 1939. Mahaifinta, Feliks Drozd, shi ne maharbi a wata 'yar tsohuwar tanka mai cin mutum biyu. An tsinci tankar a gefen hanya kusa da ƙauyensu, ƙofofi a buɗe, ko ƙwarzane babu, shi da direbansa kuwa ko sama ko ƙasa. Mutanen ƙauye suka yanke hukunci cewa tserewa ya yi. Da sunan 'yar matsoraci Mama ta tashi, da shi ta bar ƙauyen, kuma har ta tsufa ba ta ambaton ubanta sai ta sauke murya.

Kai ba ka san wannan ba ranar da ka shigo mana da murna. Irin wannan tankar kake shirin haɗawa, ka sayo tsoffin hotuna a kasuwar gwanjo, sai ga ɗaya na wata tanka a gefen hanya, da sunan ƙauyen Mama a bayansa. Kallo ɗaya ta yi masa ta kau da kai ta ce ka ɗauke. Ni na bi ka har matakala na faɗa maka dalili, da faɗa. Washegari sai ga ka kuma, da gilashin ƙara girma a aljihu.

"Pani Otylia, ki gafarce ni, duba nan. Ina bindigar?"

"Ni na sani? Je ka tambayi wanda ya gudu."

"Kwance ta aka yi daga ciki. Na san kusoshinta kamar yunwar cikina. Mai gudun ceton rai ba ya tsayawa kwance kusoshi, balle ya saɓa ƙarfe mai nauyin buhun dankali."

Na ce ai ƙila abokan gaba ne suka cire ta. Ba ka yi gardama ba. Ka ce zai yiwu, kuma ba za ka ba tsohuwa labari mai daɗi ba sai ka tabbatar ba ƙarya ba ne.

Shekara uku ka yi a kai. Ka rubuta wasiƙu ga gidajen adana tarihi, wasu suka amsa, wasu ko kallo. Ka bi ƙauyuka a motar haya da ciwon gwiwarka, da burodi da cuku a jaka. Daga ƙarshe, a littafin jana'izar wani coci da ke hayin kogi, ka sami layi huɗu da limamin cocin na lokacin ya rubuta: an binne sojoji biyu da ba a san sunansu ba, sanye da rigar fata irin ta 'yan tanka, an same su a bakin gada da babbar bindiga marar ƙafa, sun ɗora ta a kan katangar gidan niƙa. Ko a nan ba ka ƙara gishiri ba. Ka ce wa Mama, "Babu suna a rubuce. Amma tanka ɗaya ce ta tsaya a wannan hanyar, kuma bindiga ɗaya ce ta ɓata."

Da ka gama haɗa tankar ka kai ta gasa, alƙalai suka rage maka maki, wai ka manta da bindiga. Abokanka suka ce ka manna ta mana, aikin minti biyu ne. Ka ƙi. Ka dawo gida hannu rabbana, ka ajiye ta a kan teburin Mama kusa da maganinta.

Ranar ɗaya ga Nuwamban bara, ranar da kowa ke kai fitila kabarin mamatansa, kai ka raka mu hayin kogi. Mama, mai shekara tamanin da shida, ta ƙi a riƙe ta. Ta durƙusa ta kunna fitila biyu, ɗaya ta direban. Sannan ta ɗaga murya, har mutanen da ke nesa suka waiwayo, ta ce, "Baba, ni ce Otylia." Kai kuwa ka juya baya kana goge tabarau.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Pani Regina, da 'ya'yanku Tymon da Roza, da abokan aikin gam da fenti da na raina. Allah ya ba ku haƙuri da dangana.

Da muka dawo daga binne ka, Mama ta zauna ba ta cire kwat ba. Ta ce, "Bogna, bana fitila uku za ki saya. Idan ban kai ba, ke ki kai." Zan kai, maƙwabci. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya wanke sunanka a gabansa kamar yadda ka wanke na mutumin da ba ka taɓa gani ba.