Famfon Man Motar Darakta

Cikin duk shekarun da na yi ina babban makanike a wata ma'aikata a Azare, ranar da ba ta fita daga raina ita ce wadda aka ba ni takardar tuhuma saboda na gyara mota.

Daraktanmu na lokacin, Alhaji Buba, ba ya hawan kowace mota sai wadda muke kira 'yar gida, domin a ƙasar nan ake haɗa ta. Irinta mahaifinsa ya hau, irinta ya saya wa Hajiya. Akwai wata a-kori-kura 'yar Japan, lafiyarta lau, amma tun zuwansa ya sa aka kulle ta a bayan gareji. Gwangwanin kifi yake ce mata.

Sai ma'aikatan kamfanin 'yar gida suka shiga yajin aiki a kan albashi da kuɗin asibiti. Kayan gyara suka ɓace daga kasuwa. Kullum Alhaji Buba sai ya zagi ma'aikatan: malalata, marasa godiya. Mai kula da sitonmu, Mista Yohanna, mutumin Bogoro, a gabansa ake zagin, alhali ƙanensa yana cikin masu yajin.

Wata Litinin famfon man motar Darakta ya mutu, ga shi ran Laraba zai tarbi Kwamishina a taron manoma a Gadau. A ƙa'ida, ba a sa wa motar gwamnati kaya sai an rubuta takardar sito, Darakta ya sa hannu. Na rubuta, ya sa hannu, Yohanna ya ce babu. Na aika Kano, babu.

"Malam Garba, na asali nake so," in ji Darakta. "In motar nan ba ta tashi ba, kai za ka tashi."

Na je bayan gareji, na kwance famfon gwangwanin kifi, na ɗan yi masa dabara, ya zauna daram.

Motar ta kai Gadau ko tari ba ta yi ba. Da Alhaji Buba ya yi shiru, da shi ke nan. Amma sai ya ja Kwamishina zuwa gaban mota, ya sa aka ɗaga bonet, yana cewa, "Ranka ya daɗe, dubi aikin asali. Ko kusa ɗaya ta baƙo babu a nan." Direban Kwamishina ya leƙa, ya ce, "Yallabai, to wannan rubutun Japananci fa?"

Alhamis da safe takardar tuhuma tana kan teburina: in bayyana cikin kwana ɗaya dalilin da ya sa na zubar wa motar Darakta da mutunci. Ga shi saura shekara biyu in yi ritaya. Na amsa da layi biyu: an ce mota ta tashi, kuma ta tashi.

Bai kore ni ba, domin takardar kora sai ta bi ta hedikwata, kuma ba ya son a karanta ta a can. Ya ce dai in mayar da famfon inda na ɗauko. Na mayar. 'Yar gida ta kwanta, a-kori-kura ta tashi. Wata biyu cur a cikinta yake zuwa Giade da Gadau, yana kare fuska da jarida in mun zo shiga gari.

Da aka sasanta da ma'aikata, famfo ya iso. Ya tsaya a kanmu har na ɗaura, ya ce, "Kun gani? Kamfanina ba ya ba ni kunya."

Yohanna ya ce, "Ranka ya daɗe, kamfani bai taɓa riƙe sifana ba. Ƙanena ne ke ɗaure kusoshin nan, malalacin nan da kake faɗa."

Darakta ya shige mota.

Ku da kuke tasowa a aikin nan, za ku haɗu da masu gida da yawa da ke ƙaunar tambarin mota kamar ɗan cikinsu, amma ba su taɓa tambayar ko wanda ya haɗa ta ya ci abinci ba. Ku gyara musu mota da gaskiya. Ku dai roƙi Allah kada su ce a ɗaga bonet.