Bargon da na ɗauko daga Kutemeshi

Shekarun baya, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina koyarwa a makarantar firamare ta ƙauyenmu kusa da Kutemeshi. Na yi aure shekara guda ke nan, kuma kaina cike yake da ƙananan littattafan soyayya da nake saye ranar kasuwar Birnin Gwari. A cikinsu duk miji jarumi ne. Ni ma ina jiran ranar da zan nuna wa matata tawa jarumtar.

Ranar ta zo ta hanyar da ban so ba. Cikinta na fari ya kai wata bakwai sai ta soma ɗashewa. Tafin hannunta ya yi fari, in ta ɗebo ruwa sai ta zauna tana haki. Malamin asibitin garinmu ya ja fatar idonta ƙasa, ya duba, ya ce mu wuce babban asibiti a Kaduna, kada mu tsaya.

Likitan da ya karɓe mu baƙo ne daga ƙetare, mai kirki, ya koyi Hausa har ba ya son tafinta. Ya kira ni waje ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. In mugun ciwon jini ne, da wuya ita ko abin da ke cikinta su tsira. In ba shi ba ne, akwai magani. "Sai mun duba bargonta," in ji shi. "Abin da ke cinye jini, a cikin bargo ake ganinsa."

Nan take na tuna bargon aurenmu, ja mai ratsin baƙi, da kuɗin cizon da ke damunmu da damina. Na ce wa kaina ai shi ke nan, ƙwari ne ke shanye mata jini. Ban tambayi kowa ba, don jarumi ba ya tambaya. Na ce wa matata zan je in dawo, na hau motar katako zuwa gida. Yini guda muka yi muna ratsa daji, motar ta kafe a laka sau biyu, ni kuwa ina tsara yadda zan ba jikokina labari.

Mahaifiyata ta dube ni ina naɗe bargon. "Yanzu ka bar yarinyar nan ita kaɗai a birni saboda wannan?" Na ce likita ne ya buƙata. Ta ce to, Allah ya sa ka ji daidai.

Washegari da la'asar na shiga ɗakin gwaje-gwaje, na ajiye ƙunshina a kan tebur. Ma'aikacin ɗakin, wani dattijo Bazazzagi, ya buɗe, ya dube ni, ya sake duban bargon.

"Malam, sanyi kake ji?"

"Na matata ne. Likita ya ce za a duba."

Ya rufe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa. "Ɓargo, Malam. Na cikin ƙashi. Likitanmu harshensa bai iya ɓa ba. Kai da kake koya wa yara baƙaƙe!"

Dariyar ba ta kama ni ba, don ya ƙara da cewa tun da safe aka ɗiba. An yi mata allurar kashe zafi, aka soka wata mai kauri a ƙashin ƙirjinta, aka zuƙo ɗan kaɗan. Ta yi ta waiwayen ƙofa, in ji shi, ba ta dai yi kuka ba.

Da ya ga fuskata sai ya jawo mini kujera. Ya nuna mini siraran gilasai da ya shafa ɓargon a kansu, ya shanya, ya rina. Ya sa ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya ce in leƙa. Na ga wasu ƙwayoyi manya, shuɗi da ruwan hoda, kamar zanen atamfa.

"Waɗannan su ke zama jini," ya ce. "Nata sun yi girma amma ba su nuna ba, kamar dawar da ta yi tsawo ta ƙi fid da kai. Likita ya gani. Ba mugun ba ne. Wani sinadari ne da ake samu a ganye da hanta, cikin ya ƙwace mata shi. Za ta tashi."

Na same ta kwance da auduga manne a ƙirji. Na faɗa mata komai, har da wautata. Ta yi dariya a hankali don kada wurin ya motsa.

"To Malam, me ka gani a cikin ƙashina?"

"Shuɗi da ruwan hoda."

"Ba ka ga kanka ba? Ai lokacin da kake zuwa zance, har cikin ɓargona ka ce kana so ka shiga."

An ƙara mata jini, aka ba ta ƙwayoyi, bayan wata biyu ta haifi 'yarmu ta fari lafiya.

Har yau in na tuna, ba hanyar dajin ce ke damuna ba, wannan safiyar ce da take waiwayen ƙofa. Na tafi nesa neman abin da zan yi mata, alhali abin da take buƙata bai wuce in tsaya kusa da gadon ba. Daga ranar, ko haƙori za a cire mata, ina zaune a gefe, jakarta a kan cinyata.