Ranar da Kaka ya zauna a kan dogo

Duk lokacin da na ji ƙarar zarto yana cin ƙarfe a shagon mai walda, sai gabana ya faɗi. Na san dalili. Bari in ba ka labarin.

Kakana ma'aikacin reluwe ne a tashar Malam Madori, inda duk mai zuwa Haɗeja ta jirgi yake sauka. Shi ne mai ɗaga wa jirgi tuta. Yakan ce a zamaninsu buhunan gyaɗa har rufin sito suke kaiwa, matan Guri na hawa da kwandunan bandar kifi, fatake na loda shanu zuwa Kano. Ni ban riski wannan ba. Da na yi wayo jirgin ya zama sai jefi-jefi, daga baya ya ɗauke ƙafa ɗungurungum. Awaki suka gaje ɗakin sayar da tikiti. Amma Kaka bai fasa zuwa kullum da hantsi ba, ya share dandamali, ya cire ciyawar da ta tsiro tsakanin ƙarafa. Ni nake kai masa kunu, shi kuwa da ya hango ni sai ya ce, "Ga amaryata nan tafe."

Shekarar da nake aji huɗu, ambaliya ta cinye shinkafar da babana ya noma a fadama. Ko dami ɗaya bai ɗauko ba. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, Inna tana ce mana ita ta ƙoshi.

Wata safiya na isa tasha da kwano, sai na ga amalanken shanu a bayan sito. Babana ne da wasu maza biyu baƙi, masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ɗaya na yanka ƙarfen layin dogo da zarto, Baba na kwance noti da wata ƙatuwar sifana. Kaka ya riga ni ganinsu. Bai ɗaga murya ba. Ya tattara rigarsa, ya zauna daram a kan ƙarfen, tafin hannu ɗaya tsakaninsa da bakin zarton.

"Tsoho, matsa," in ji baƙon.

"Sai dai ku loda da ni."

Babana bai iya kallonsa ba. "Baba, don Allah ka tashi. Jirgin nan ba zai dawo ba. Jikokinka da yunwa suke kwana."

"Na sani. Amma in ya dawo fa, da mutane a ciki? Na taɓa ciro mutane daga taragon da ya kife. Hannuna bai manta ba."

Baƙon ya cafki kafaɗar Kaka zai janye shi. Sai na ga babana ya miƙe, sifana a sama, idanunsa jajur. Har yau ban san wanda ya nufa da ita ba a daƙiƙar farko. Kunu na ƙona min yatsu, na kasa ajiye kwanon.

"Sake shi," in ji Baba. "Ubana ne."

Mutumin ya sake shi. Suka kaɗa shanunsu suna zage-zage. Baba ya yar da sifanar, ya wuce ta gabana kamar bai san ni ba. Ranar Kaka bai tsokane ni ba, kunun ma bai sha ba.

Washegari Baba ya tafi ci-rani kudu, bai yi wa mahaifinsa sallama ba. Kaka ya kai tumakinsa biyu kasuwa ya dawo da gero, da shi muka kai lokacin girbi. Da Baba ya dawo da bazara ya je ya durƙusa ya gaishe shi, amma ban ƙara ganinsu suna cin tuwo a kwano ɗaya ba har Allah ya karɓi ran tsohon.

Bara na bi ta tashar. Rufin sito ya rufta, wurin da Kaka ya zauna kuwa babu ƙarfe ko ɗaya, wasu sun kwashe tuntuni. Na dawo gida na gaya wa Baba, wanda yanzu idonsa ya yi rauni. Ya ci gaba da jan carbinsa.

"Ba da hannuna ba dai," ya ce.

Na kasa gaya masa cewa a waccan safiya, ina tsaye da yunwa a cikina, addu'a nake Kaka ya tashi.