Takin Mutumin Lausu

A shekarun farko na dawowar mulkin farar hula, ni ne mai kula da rajistar wata ƙungiyar manoma da ta haɗa Rano da Kibiya. An kawo mana kwamfuta biyu masu aiki da rajista guda. Ɗaya tana gabana, ɗayar tana gaban sakatarenmu, dattijon da ya yi makarantar allo tare da mahaifina.

Na'urar tana da ƙa'ida. Idan mutum biyu suka buɗe fom ɗin manomi guda, wanda ya riga adanawa ya wuce, na biyun kuwa sai ta tsare shi da tambaya: a ɗora naka a kan gyaran da aka yi, ko a watsar da naka?

Wani manomi ya kawo ƙara. Gonarsa a Lausu take, a ƙasar Rano, amma rajista ta ce Fammar ta ƙasar Kibiya, saboda haka Kibiya ake kai takinsa, a can kuma a ce ba a san gonarsa ba. Na gyara a gabansa. Jerin rabo ya fito, Fammar. Na sake gyarawa, ya sake fitowa Fammar. A zuwansa na uku ya tambaye ni ko akwai wani abin da ake bayarwa ne bai sani ba. Ni aka yi wa wannan tambaya, ni da ban taɓa soke layi a littafi ba sai da sa hannu. Ga shi kuma an riga an yi shuka.

Bincike ya nuna cewa duk mai ƙarar da ya shigo, sakatare ma yakan buɗe fom ɗinsa, ya ƙara abin da ya sani game da gidansu, ya bar shi a buɗe ya tafi azahar.

Na rusuna na ce, "Baba, da na'urar ta tambaye ka, wanne ka danna?"

"Nawa mana. Tsakanin nawa da na ɗan cikina har sai an yi shawara?"

"Ai gonarsa a Lausu take."

"Ubansa ɗan Fammar ne, da ni aka raɗa masa suna. Sayen gona ba ya sauya wa mutum asali."

Ba a ce wa sa'an uba ya yi kuskure. Na koma teburina na buɗe sabon gurbi a fom, na sa masa suna Asalin Uba. Na rubuta takarda mai kwafi biyu cewa cike gurbin hakkin sakatare ne shi kaɗai, kuma ba mai buɗe fom sai fayil ɗin manomin yana hannunsa. Ya karanta sau biyu, ya amince, bisa sharaɗin gurbinsa ya zo a sama da nawa.

Manomin ya karɓi takinsa a Rano bayan dawa ta kai gwiwa. Ya ɗaure buhunan a bayan babur, ya wuce teburina, ya durƙusa ya yi wa sakatare godiya.