Tambayoyi Uku a Bakin Fili

Ƙanina ya fi ni tsawo tun yana ɗan sakandare, shi ya sa da wani kulob na manya ya ɗauke shi suka sa shi tsaron baya. Aikinsa sa wa ƙwallo kai ne. Duk ƙwallon da ta taso sama shi ake kallo. Mahaifiyarmu ba ta taɓa son abin ba, ni ne mai lallashinta da cewa yanzu akwai doka, akwai likita a bakin fili, ba irin wasanmu na unguwar Fezzan a Maiduguri ba ne da in ka faɗi sai dai a kwara maka ruwa a ja ka gindin darbejiya.

Ranar da abin ya faru ina tsaye jikin wayar da ta kewaye fili, kusa da bencinsu. Aka bugo kwana, ya tashi, ɗan wasan baƙi ma ya tashi, kawunansu suka haɗu. Na ji ƙarar daga inda nake. Alƙali ya hura usur nan take, kamar yadda doka ta ce, aka tallabo shi zuwa gefe, daf da ni.

Dokar ta ce likita ya yi masa tambayoyi kafin a bar shi ya koma. Likitan kulob ɗin baƙo ne a garin, Hausarsa ma ta kasuwa ce. Ya durƙusa ya tambaye shi a ina muke, da wa muke wasa, kuma ci nawa ne. Ƙanina ya buɗe baki, sai Kanuri. Yaron da ke zuba Hausa da Turanci a fili kamar rediyo, duk sun tafi, sai harshen da aka yi masa goyo da shi.

Likita ya waiwaya. "Wa ke jin Barbarci a nan?"

Golansu na benci ya matso. Abokin ƙanina ne, ɗakinsu ɗaya a sansani. Ni kuma ina jin kowace kalma. Ƙanina tambaya yake ko Baba ya dawo daga Zabarmari, wai a je a taya shi ɗauko shinkafa kafin la'asar. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa.

"Ya ce a Maiduguri muke, ɗaya da ɗaya," in ji golan. "Lafiyarsa ƙalau, dokta."

Na yi magana, na ɗaga murya har ta dishe. Amma a bayana 'yan kallo suna ta kiran lambarsa, koci yana duba agogo, wani ɗan sanda ya dafa ƙirjina ya ce, "Malam, ja baya, a bar likita ya yi aikinsa." Aka goge wa ƙanina fuska aka tura shi ciki. Ya ƙarasa wasan, ya ƙara sa kai ban san sau nawa ba, aka yi masa tafi.

Golan ya zo gidanmu a Maisandari bayan an sallamo ƙanina daga asibitin da aka kwantar da shi bayan wasan. Bai ko sunkuyar da kai ba. "Yaya, wallahi taimakonsa na yi. In aka cire shi, sati biyu zai yi a benci, wani ya gaje wurin. Duk haka muke yi wa juna. Ni ma da ni ne, haka zai yi mini." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. An kafa doka don kare kawunan 'yan wasa, amma mai bin ta shi ke rasa abincinsa, to wa zai bi?

Shugabannin kulob kuwa cewa suka yi an tsayar da wasa, likita ya duba, ɗan wasa ya amsa daidai. Ba su yi ƙarya ba. Har yau in na ga ana yabon waɗannan dokoki a talabijin sai in tashi in bar ɗakin.

Hausar ƙanina ta dawo, ƙwallo ba ta dawo ba. Ba ya son haske, ba ya son hayaniya, masallacin unguwa ma sai da ɗan rakiya. Wata rana yana nan garau, har ya tsokane ni da sanƙona, in ce to an warke. Ranar Laraba da ta wuce muna zaune a zaure, 'yarsa ta dawo daga Islamiyya ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya sa mata albarka. Da ta shige ciki sai ya matso ya rage murya don kada ta ji.

"Yaya, 'yar waye wannan? Tana da ladabi."