Jirgin Kayan da Ya Bi Ta Kan Shanyar Inna

Jama'a, wannan abu a kaina ya faru, ba wani ya ba ni labari ba, kuma Allah ne shaidata. Lokacin ina gyaran babura a Jibiya, kusa da bakin iyaka, a shekarun da aka rufe boda har manyan motoci suka daina wucewa, mu masu gareji muna wuni muna korar ƙuda. Gidanmu yana can ƙarshen gari, kuma ta bayan katangarmu aka ja hanyar jirgin ƙasa da za ta nufi Maraɗi. To, a lokacin ko ƙarfe ɗaya ba a shimfiɗa ba, tudun jar ƙasa ne kawai aka daddaɓe, ya miƙe sambal har inda ido ya gaza. Matan unguwa kuwa, kun san halinsu, da suka ga fili mai tsabta sai suka mai da shi wurin shanya.

Inna, mahaifiyata, ita ke zaman gadin shanyar saboda awaki. Ta tsufa, kunnenta kuma ya daɗe da mutuwa, ko ganga ka buga a bayanta ba za ta waiwayo ba, da hannu muke yi mata magana. Asalinta 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Maraɗi, aure ya kawo ta, kuma tun da ƙafa ta gaza ba ta sake leƙa gida ba.

Cikin bazara aka fara jin abin. Kullum bayan azahar, rana ta take, sai wani gunji ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, kwanukan ɗaki su hau kaɗawa, ruwan randa ya yi ta rawa, jarirai su farka da kuka. Maƙwabta suka yi ta ƙorafi, wai injinan masu aikin hanya ne, alhali masu aikin sun daɗe da kwashe kayansu. Ni dai dariya nake yi, don ina gareji, ban taɓa ji ba. Sai ran nan Inna ta ce mini, da babbar muryar nan tata ta wanda ba ya jin kansa, "Jirgin kaya na, kullum shina wucewa. A ƙafafuna nike jin shi. Yau albasa ya ɗauko."

Na yi mata alama da hannu ta daina zama a wurin, ta ce, "Kai, tahi ka ba ni wuri."

Wata Juma'a na dawo daga masallaci, na zagaya baya in kai mata goro. Ba iska ko kaɗan, ganyen darbejiya ko motsi ba ya yi, can nesa kan tudun nan kawalwalniya tana ta sheƙi kamar an zuba ruwa. Sai na ji shi. Wallahi na ji shi, ƙarfe yana dukan ƙarfe a hankali, daga wajen Katsina, ga warin albasa da shanu da baƙin mai ya cika mini hanci, amma ido bai ga komai ba sai rana. Na zabura na nufi wurin shanyar.

Inna kuwa tana tsakiyar hanya a tsaye. Ta kakkaɓe zaninta, ta gyara ɗankwali, ta ɗaga hannu irin na mai tsayar da mota a bakin titi, tana murmushin da rabona da ganinsa tun ina yaro. Ban san yadda na isa ba, na dai ji na rungumo ta mun gangaro ƙasa, inuwa tana bi ta kanmu ɗaya bayan ɗaya, doguwa-doguwa, alhali sama fes take. Can sai tsit.

Da na hau na duba geron da aka shanya a kan tabarma, sai ga layi biyu sun ratsa shi, garin gero lilis, har da ɗumi. Tabarmar kuwa ko zare bai tsinke ba.

Na dawo ina jiran ta yi hamdala, sai na tarar tana kuka. Ta ce, "Don mi ka jaye ni? Tsayawa shika yi. Na ji an kira ni da sunana na gida." Matar da ta yi shekara da shekaru ba ta ji muryata ba.

Daga ranar ba a sake jin gunjin ba, unguwa ta huta. Inna ba ta ƙara tada maganar ba, amma kullum bayan azahar sai ta sa a zaunar da ita a ƙofar baya, da ɗan ƙullin kayanta a cinya. A nan muka same ta wata rana cikin damina, rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙanta.

Har gobe ban san ko cetonta na yi ba, ko tafiya na hana ta, kuma abin yana ci mini rai. Ni dai shawarata, kada ku zauna kan hanyar jirgi ko da ba a sa mata ƙarfe ba. In kuma tsohonku ya ce yana son ganin gida, ku kai shi da kanku, tun wani bai zo ɗaukarsa ba.