Mutumin Gungu a Wasan Kaka

Ƙarar ɗan lido a kan tiren silba ce ta tono mini wannan zance. Ɗana na fari ya dawo hutu daga Sakkwato da wani wasa da suka koya a makaranta. Ba kati ba ne, ba kuma dara ba. Ana zama a kewaye tebur, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin, in za ka yi abu mai haɗari sai ka jefa ɗan lidon ya yanke maka hukunci. Ran nan bayan la'asar shi da abokansa suka rasa cikon mutum ɗaya, yaron ya matsa mini lamba in zauna. Na zauna, don kada a ce tsohon nan ya cika ɗaure fuska.

"Baba, kahin a hwara sai ka zaɓi abu biyu," in ji shi. "Jinsinka da sana'arka. Akwai mutanen daji masu dogon kunne, akwai gajerun mutanen dutse masu gemu. Sannan ko mayaƙi, ko mai magani, ko ɓarawo."

Ya zaci sabon abu ya kawo mini. Ni kuwa ba sabo ba ne a wurina, domin an taɓa yi mini waɗannan tambayoyi biyu ina ɗan yaro, a cikin gidan nan na Yelwa, a ɗakin da yanzu muke zuba buhunan albasa.

Ɗakin kakata ne a lokacin, wadda ta haifi babanmu. In damina ta zauna, ruwa ya hana mu zuwa kwatar bakin kogi kallon jirage, can muke tarewa, ni da yayana da ƙanwata. Ɗakin yana warin busasshen kifi da hayaƙi da man kaɗe. Kaka takan shimfiɗa tsohon buhu, ta zuba yashi a kai, ta ja layi da yatsa ta ce ga kogi. Tsakuwa ta zama gari, tsinken tsintsiya ya zama daji. Daga nan sai ta jawo wata ƙwarya daga ƙarƙashin gado, cike da 'yan mutanen laka da ta gina da hannunta ta shanya a rana. Ba ta taɓa gasa su ba, shi ya sa kullum take gargaɗinmu kada mu taɓa su da jiƙaƙƙen hannu.

Kafin ka ɗauki naka sai ta dube ka ta ce, "Ɗan wa kake? Mi ag ga hannunka?"

Kana iya cewa kai Bahaushe ne mai takobi, ko Bafillace mai sanda, ko Bakambare mai kwari da baka, ko Basarke masunci mai taru. In ka so ka cakuɗa, ka ce Bafillace ne amma malami, ba ta hanawa. Ɗan lidonmu ɓawon gyaɗa ne. Ka watsa, in ya faɗi a buɗe ka tsira daga kura, in ya kife ka shiga uku. Yayana, mai son girma tun yana da majina, kullum Bahaushe mai takobi yake ɗauka. Ƙanwata Bafillatana, saboda an liƙa wa 'yar lakar ɗan dutsen ado a wuya. Ni sanyin jiki gare ni, kafin in buɗe baki an kwashe na kirki. Abin da ake bar mini shi ne wani ɗan mutum mai faɗin kafaɗa, riƙe da filafilin tuƙa jirgi. Kaka ta ce sunansa Bagunge, wato mutumin gungu, tsibirin da ke tsakiyar ruwa.

Ba wanda ke son sa, don a gari in an ce maka Bagunge ba yabonka ake yi ba. Ga shi kuma da sharaɗi. Sauran kowa da Hausa yake magana, amma mai Bagunge ba ya motsa jirgi sai ya faɗi abin da zai yi da yaren gungu. Kaka ta faɗa, ka maimaita. In ka karkace ta sa ka sake, ko da kuwa kura na bayan 'yan'uwanka.

Na jima kafin in gane cewa Kaka ba alƙaliya mai adalci ba ce. Ko ina labari ya faro, ko daga kasuwa ko daga dawa, sai ya ƙare a bakin ruwa. Mai takobi ya tsaya yana zare ido, takobi ba ya yanka kogi. Dole su roƙe ni. Ni kuma sai in yi wani dogon kira da ta koya mini, irin wanda mutanen gungu ke yi daga gaɓa in suna neman a kawo musu jirgi. Kaka ta rufe baki da tafin hannu ta amsa daga nesa, kamar wani ne can ƙetare. Ranar da na fara yin kiran daidai, sai ta tashi ta ciro mini tsokar kifi mafi girma a kwando.

A hankali na san dalili. Ita kanta 'yar gungu ce. Can aka haife ta, can ta yi aure, can ta yi ban ruwan albasa da ƙwarya har bayanta ya lanƙwashe. Da aka datse kogi a Kainji ruwa ya hau, aka kwashe su a jirage aka kai su gidajen siminti a tudu, gungunsu ya nutse da kaburburansa da itatuwansa. Babanmu yana yaro a lokacin. Shi aka sa a boko, ya yi karatu, ya sami aikin ofis a Yelwa, ya auri innarmu Bahaushiya, ya ɗauko uwarsa ya kawo ta gari. A gidanmu ba mai jin yaren sai su biyu, kuma ban taɓa jin Baba ya yi shi ba. Wasan nan dabara ce kawai ta tsohuwa. Ta ga harshenta zai mutu a gidan ɗanta, sai ta ɓoye shi a cikin ɗan laka ta miƙa wa jikan da ya fi kowa sanyi.

Wata ranar kasuwa Baba ya tafi da ni kwata zai aika saƙo Ngaski, tare da abokan aikinsa biyu. Rana ta take, kwata ta cika da hayaniya da ƙarnin kifi. Na hango wani tsoho a ƙaramin jirgi nesa da gaɓa, mai faɗin kafaɗa, sak ɗan lakata. Ban yi shawara da kowa ba, na cika ƙirji na kwarara kiran. Tsohon ya ɗaga kai. Ya amsa, amsar Kaka ba ragi, ya juyo da jirgin ya nufo mu yana dariya. Ya fito ya dafa kaina, ya dubi Baba ya zuba masa yare, ga alama tambaya yake ɗan wane gida ne wannan.

Baba ya amsa masa da Hausa, a gajarce. Ɗaya daga abokan aikin ya tuntsire da dariya ya ce, "Ashe Malam, ku ma na gungu ne? To Allah shi kyauta, mu da muke bin ka salla!"

Wasa ya yi, na sani. Baba ma ya yi murmushi. Amma hannunsa da ke riƙe da nawa ya matse har na ji zafi.

Washegari ya shiga ɗakin Kaka muna tsakar wasa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ɓawon gyaɗa caca ce, 'yan laka kuma gumaka ne, ba za a yi a gidansa ba. Ya ɗauki ƙwaryar ya fita da ita tsakar gida, ya juye ta a cikin daron wanki. Muka tsaya muna kallo. Mai takobi ne ya fara narkewa. Kafin a kira azahar ruwan ya zama jar laka, ba ka bambance Bahaushe da Bagunge.

Kaka ta fito ƙofar ɗaki ta yi masa magana da yare, doguwar magana, ba tare da kuka ba. Ban tsinci komai ba sai kalmar ruwa da kalmar ɗa. Baba ya tsaya ya saurare ta har ta gama, ya ji duka, sannan ya amsa da Hausa.

"Inna, ni na sha dariyar nan a makaranta har na ƙoshi. An kwaikwayi bakina, an kira ni arne ina da alwala. Ba zan bari su sha ba."

Na daɗe ina jin haushinsa a kan daron nan, kuma ba zan ɓoye maka ba, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Sai dai da na haifi nawa na gane cewa ba ƙiyayya ta sa shi ba, tsoro ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya zaɓa mana jinsi kamar yadda ake zaɓa a wasa, ya ɗauki wanda yake ganin ya fi tsira, ya ce ga naku.

Kaka ba ta sake gina ɗan laka ba. Ta koma yi wa kajinta yare in tana watsa musu tsaba. Ni kuma makaranta ta ɗauke ni, ƙwallo ta ɗauke ni, abin da na koya ya riƙa zubewa ban lura ba. A ciwonta na ƙarshe Hausa ta gudu daga bakinta gaba ɗaya, kamar ba ta taɓa ji ba. Innarmu ta kawo kunu ta rasa me ake ce mata. Baba ne kaɗai ke shiga ya rufe ƙofa, mukan ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana amsa mata da yaren da ya hana mu. Da ta rasu ya sake kulle bakinsa.

Wannan duka ya gilma mini a gaban tiren silba, yara suna jira. Na ce wa ɗana Bagunge nake so, mai filafili. Suka dubi juna. Ya ce babu shi a wasan, amma ana iya ƙirƙira, sai in faɗi abin da ya iya wanda sauran ba su iya ba. Na ce yana kiran jirgi daga ƙetare a kawo masa.

"To yi mu ji, Baba."

Kiran ne kaɗai ya rage mini a duk abin da Kaka ta ba ni. Na yi shi, abokan ɗana suna danne dariya. Ban san ya kai ɗakin zaure ba, inda babanmu ke kwance yanzu, tsufa ya cinye shi, ido ya tafi, sai an tashe shi an zaunar.

Sai muka ji amsa daga can. Muryar ta fito siririya, ta ɗauko amsar Kaka daga farkonta, ta hau da ita yadda ake hawa. Ta kai tsakiya ta tsaya. Ya sake ɗaukowa daga farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya.

Na tashi na je na durƙusa a gefen gadonsa, ɗana yana bayana. Yaron ya ce wa kakan nasa, "Kaka, ƙarasa mana, ina so in koya." Baba ya daɗe yana motsa leɓe. Sannan ya juyar da fuska bango ya ce da Hausa, "Sauran na wurin Inna."

Yaren bai mutu a duniya ba. Ana yin sa a ƙauyukan bakin ruwa wajen Shanga da Ngaski, kuma ɗana ya ce in an yi hutu na gaba zai je ya nemo ragowar amsar ya ɗauka a waya. Na ce masa Allah ya ba da sa'a, da zuciya ɗaya na faɗa. Amma a gidanmu, inda aka taɓa samun mai kira da mai amsawa a ɗaki guda, yau kira ɗaya ya rage da rabin amsa.

Muka koma tebur. Ba su da ɗan mutum mai filafili, sai suka ajiye mini murfin kwalba a bakin kogin da suka zana. Aka miƙo mini ɗan lido, aka ce in jefa a ga ko jirgin zai zo.